Ciki da falo, fulat ko ɗan gida a gefen gari? Lissafin mai kama hayar farko a Kano

Duk wanda ya shiga neman hayar farko a Kano, ko an sa masa ranar aure ne ko gidansu ne ya yi masa kaɗan, cikin ɗayan abu uku zai faɗa. Ko ciki da falo a gidan da ake haɗa tsakar gida da wasu 'yan haya, ko fulat a bene ko a jerin fulat-fulat masu get ɗaya, ko kuma ɗan ƙaramin gida mai ƙofarsa shi kaɗai, wanda sai an fita gefen gari ake samunsa da kuɗin da sabon magidanci zai iya biya. Dillali zai jera maka su da farashinsu na shekara, idonka kuma zai tafi kan kuɗin da ya fi ƙasa da falon da ya fi faɗi. A ganina waɗannan biyun su ne na ƙarshe a lissafi. Ruwa, wuta da hanya su suke raba hayar da aka ji daɗinta da wadda ake ƙirga watannin fita, kuma ba a ganinsu daga tsakiyar falo.

Ciki da falo ya fi sauƙin yanke wa hukunci. Ana samunsa a tsofaffin unguwanni masu cika irin su Fagge, Birget, Tudun Wada, Kurna, Gyaɗi-Gyaɗi, Hausawa, Sheka da Ɗorayi. A cikin ganuwa kuwa yawancin gidaje na gado ne, dangi ne a ciki, baƙo bai cika samun wuri ba sai da sanayya. Amfaninsa a fili yake: kuɗinsa ƙasa, kana kusa da kasuwa da titi da asibiti, kuma amarya ba za ta wuni ita kaɗai ba. Wani mai gidan ma yana karɓar wata shida-shida, abin da da wuya ka ji a bakin mai fulat. Illarsa ita ce komai na tarayya ne, banɗaki, igiyar shanya, rijiya, shara, mita. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

A wani gida da na sani a Birget akwai takarda manne a bangon zaure, an ja mata layi da biro: ɗaki na ɗaya ƙwan fitila uku, fanka biyu, talabijin, na biyu da ƙarin firji, haka har na shida. Da ita ake raba kuɗin katin wuta. Takardar ba ta san dutsen guga ba, ba ta san hitar da ake tsomawa a bokiti da asuba lokacin sanyi ba. Sai kati ya ƙare tun wata bai raba ba, a fito tsakar gida ana kallon-kallo. "Maman Walid, jiya fa na ji ƙamshin guga daga ɗakinki." "Haba Maman Ilham, ni da nake kai wa mai guga? Ki dai tambayi masu firji." Mazan su dawo da daddare, kowa ya tarar da ƙara tana jiransa.

Saboda haka sharaɗina uku ne a kan ciki da falo: banɗakinka a cikin sashenka, 'yan hayar kada su wuce uku ko huɗu, kuma kowa da 'yar mitarsa, ko da ƙaramar nan ce da ake sawa bayan babba. In an sami haka, ba abin raini ba ne. Idan mai gidan a ciki yake zaune gyara zai zo da wuri, amma ka shirya wa rufe ƙofa ƙarfe goma da tambayar wane ne baƙon jiya. Wanda bai yi aure ba kuwa ya san cewa masu irin gidajen nan ba su cika ba gwauro ɗaki a cikin matan aure ba. Nasa shi ne shago mai ƙofa ta waje. Mace mai aikinta da take neman wuri ita kaɗai za ta sha tambayoyin da ba a yi wa namiji, kuma cinikin ya fi saurin faɗawa idan ta je da yayanta ko kawunta. Ban ce daidai ba ne, haka dai kasuwar take.

Gasar gaske tsakanin sauran biyun take, domin sau da yawa kuɗinsu yana zuwa kusa da juna. Abin da zai kama maka falo da ɗaki biyu a bene a irin su Tarauni, Hotoro, Na'ibawa, Kabuga, Gadon Ƙaya ko Sharaɗa, shi zai ba ka gida sukutum da tsakar gidansa, wataƙila har da canji, idan ka yarda ka nausa ƙarshen Rijiyar Zaki, Ɗanbare, Mariri, Farawa, Gaida, Panshekara, Bachirawa ko Jaba. Nassarawa GRA da Bompai ban sa su a lissafi ba. Wanda zai fara haya a can ba ya buƙatar shawarata.

Ruwa ne farko. Wanda ake turowa daga matatun Tamburawa, Challawa da Watari bai wadaci birnin ba. Akwai unguwannin da bututu ya je amma a yi kwanaki ba a ga ɗigo ba, sababbin unguwanni kuwa da yawansu bututun ma bai isa ba. Kan famfo a bango kowane gida yana da shi, abin tambaya shi ne daga ina ruwan yake shigowa. Fulat-fulat yawanci suna da burtsatse ɗaya da tanki a sama, kuma wannan babbar nasara ce a kan ɗan gidan gefen gari. Amma burtsatse ba ya tura kansa. Da me ake turawa, wutar KEDCO, janareta ko sola? In janareta ne, wa yake sayen mai? Makullin yana hannun wa, in ya yi tafiya fa? Ranar da injin ya ƙone, mai gida ne zai gyara ko karo-karo za a yi? Gidan da aka haɗa wa burtsatsensa sola, ni ba zan ja ciniki da tsawo a kansa ba.

Ɗan gida mai zaman kansa kuwa, a wannan farashin, ko dai rijiya ce a tsakar gida ko babu komai. Ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashinta, shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu, rijiyar wannan tana kawowa ta wancan ta ƙafe, kuma wadda ka leƙa a Satumba ka ga ruwa kusa da baki ba ita za ka tarar a Afrilu ba. Ga wata matsalar da ba a cika faɗa ba: masana lafiya suna son tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin shadda, alhali filin awon igiya mai ƙafa 50 bisa 50 kamar mita 15 ne kawai kowane ɓangare, kuma bayan katangarka shaddar maƙwabci ce. Irin wannan ruwa na wanki da wanke-wanke ne, na sha sai an saya. In kuwa rijiyar ma babu, kai da mai ga-ruwa ne har shekara ta zagayo. Kana son sanin halin ruwan unguwa, tsaya a bakin layin da safe ka ƙirga kurar 'yan ga-ruwa. Inda suke ta kai-komo amsa ta fito, ko me dillali ya ce.

Wuta kuwa ta rabu gida biyu tun Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin layukan Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a daidaita shi a kan 209.5 a watan Yulin shekarar. Sauran layukan, daga B mai awa 16 zuwa E mai awa 4, aka bar su a farashin da bai kai rabin haka ba. A fulat ɗin da yake kan Band A za ka ga wuta, amma za ka ji ta a aljihu. Esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai ƙarfin doki ɗaya yana shan kusan yunit guda a awa. Wanda zai kwana da shi kullum a bazara zai ƙone wajen yunit 200 a wata, sama da naira 40,000 ke nan kafin a zo kan firji da guga, a jihar da mafi ƙarancin albashinta naira 71,000 ne. A gefen gari lissafin a juye yake: wutar ba tsada, sai dai ba ta zuwa, kuma ranar da taransifoma ta lalace za a ƙwanƙwasa maka ƙofa da takardar gudummawa, kai da ka tare jiya. Inda ɗan gidan ya fi fulat a nan shi ne rufin ba ka haɗa shi da kowa ba: da yardar mai gida ka ɗora farantan solarka, ranar tashi ka kwance abinka. A lura kuma, ba da sunan unguwa ake raba Band ba, da layin da ya ɗauko wutar ne. Titi biyu suna kallon juna, wannan A wancan C.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka biya sai ka ga mitar da idonka, ka tabbata ta sashenka ce kai kaɗai. Karɓi lambarta ka sayi katin naira 2,000 nan take a wayarka. Yawan yunit ɗin da ya fito zai nuna maka farashin layin, ya kuma tona idan akwai tsohon bashin da ake cirewa duk lokacin da aka sa kati. A ƙa'ida bashi na wanda ya sha wutar ne, amma kafin ka gama zirga-zirgar ofis an riga an ci kuɗinka. Gara mai gida ya share shi tun kuɗin hayar yana aljihunka. Ka sa mai gyaran wuta ya duba ko tsohon ɗan haya ya yi wa mitar satar hanya, don ranar da ma'aikata suka gano, wanda suka tarar a gidan shi za su riƙe.

Sai hanya, wadda take cinye arahar gefen gari a ɓoye. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya zama wata hayar ta biyu, kuma tun 2013 da aka hana acaɓa a birnin, wanda gidansa ya yi nisa da kwalta ko dai ya taka ko ya ɗauki shata. Ga misali, kai ka canza lambobin da naka. A ce gidan Mariri ya fi fulat ɗin Tarauni sauƙi da naira 200,000 a shekara, ƙarin kuɗin motar zuwa da dawowa kuma naira 600 ne a rana. Kwana 26 a wata, wata 12, ya kama naira 187,200, kai kaɗai, ba a sa zuwan amarya gidansu, awo, biki da gaisuwar rasuwa ba. Ɗora ruwan naira 500 kullum a kai, wasu 182,500 ke nan. Arahar ta tafi, har ta ciyo bashi.

Amma gefen gari ba ga kowa yake nesa ba. Daga wajen nemanka ake auna nisa, ba daga gidan Sarki ba. Ma'aikacin sabuwar jami'ar Bayero da yake zaune a Ɗanbare ko Rijiyar Zaki a gida yake. Haka mai harka a kasuwar Dawanau da ya kama a Bachirawa, ko ma'aikacin kamfanonin Sharaɗa da Challawa a Gaida ko Panshekara. Wanda zai sha wuya shi ne yaron shago a Kantin Kwari ko Singa da ya je ya kama a ɗaya ƙarshen garin saboda an nuna masa falo mai silin fi'ofi. Idan dillali ya ce maka "minti goma ne zuwa Bata", gwada hanyar da kanka ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi na safe, ka sake gwadawa bayan magariba, a cikin abin hawan da za ka riƙa shiga, ba a bayan mashin ɗinsa ba.

Zuwa nan za a ce fulat ya cinye gasar, amma akwai abin da ba shi da shi, kuma ba ƙarami ba ne: tsakar gida. Rayuwar gidan Bahaushe rabinta a waje take. Nan ake wanki da shanya, nan ake hura gawayi ranar da gas ya ƙare, nan ake shimfiɗa tabarma a daren Afrilu lokacin da ɗaki ba ya shiguwa, nan ake ɗaure ragon suna da na layya, nan mata suke zama ranar da aka haihu gida ya cika. Mai fulat duk wannan sai ya nemi alfarma, ko ya kwashi taron ya kai gidan iyaye. Macen da ta tashi a gida mai fili, ka sa ta a hawa na biyu da 'yar baranda mai faɗin tabarma ɗaya, tana iya yin shiru, amma a takure take. Ga get ɗaya: baƙin maƙwabci da ƙannensa samari duk ta gaban tagarka za su wuce, har shanya sai da hijabi. Wanda wannan ya dame shi ƙwarai, kada ya bari tayil ya ruɗe shi. Sai dai mai ɗan gida ma ya ɗaga kai kafin ya yi murna: idan benen maƙwabci yana leƙen tsakar gidan, ko an fara ɗora ginin da zai leƙa, sirrin da ya biya kuɗi dominsa ya tafi.

Kuma fili ba ya taya hira. Na ga amaryar da aka kai gida mai kyau a sabuwar unguwa, kango a dama, kango a hagu, gona a baya, miji ya fita bakwai na safe sai tara na dare. Ba a yi nisa ba ta koma wuni a gidansu, kuɗin mota ya ninka, aka fara ƙananan maganganu. Ga tsaro: gidan da babu maƙwabci kusa, kuma kowa ya ga ranar da aka shigo da kayan ɗaki, shi ɓarawo yake so. Ka tambaya ko akwai 'yan sintiri da nawa ake ba su a wata. Ka yi tunanin daren da naƙuda za ta tashi ko zazzaɓi ya rufe yaro: daga ƙofar nan zuwa asibitin Murtala, na Malam Aminu Kano ko Hasiya Bayero, da me za a tafi ƙarfe biyu na dare, kuma wa za a tasa?

Idan fulat ɗin ne, saura sama ko ƙasa. Hawan ƙarshe yana da iska, sauronsa da sauƙi, amma kwano yana kansa, kuma daga Maris zuwa Mayu da zafin Kano yake haura digiri 40, bango yana riƙe zafin har tsakar dare. Ruwa ma a can yake fara rauni, ranar da burtsatse ya tsaya kuwa mai ga-ruwa sai an ƙara masa kafin ya hau da jarka. Ƙasa ta fi sanyi, ta fi sauƙi ga mai ciki da tsofaffin da za su zo dubiya, amma ita take karɓar danshi da warin sokawe idan ta cika. Ni ƙasa nake zaɓa wa sabon aure, muddin ginin ya ɗaga sama da titi.

To ga inda na tsaya. Mai albashi ko yaron kasuwa da zai yi auren fari, ba shi da abin hawa, ya kama ƙaramin fulat kusa da wajen nemansa, mai burtsatse da mitarsa, ko da falo da ɗaki ɗaya ne. Mai mashin ko mota, wanda aikinsa yake ɓangaren, kuma layin ya riga ya cika da mutane, ɗan gida ya fi masa, in dai maƙwabta sun tabbatar masa da ruwan bazara. Wanda kuɗinsa bai kai ko ɗaya ba, ciki da falo mai banɗakinsa ya fi masa fulat ɗin da zai ci bashi ya biya, don kuɗin shekara ta biyu babu gudummawar abokai a cikinsa. Abin da yake ture mutane daga wannan lissafi sananne ne: kayan ɗaki. Dangin amarya sun yi gado biyu da kujeru saiti biyu, ana so a sami inda za a jera. Magana ce da ya kamata a yi ta tun kafin a ba kafinta aiki, cikin ladabi, ta bakin wanda ake jin nauyinsa. 'Yan jere ranar za su watse, kai za a bari da sabunta haya.

Wajen ganin gida kuwa, wanda ya sami dama ya je a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Wurare da yawa a Kano an cike kududdufai ne aka yi gini a kai, wasu kuma awon igiya ne da ba a bar wa ruwa hanya ba, kuma da rani duk lafiya lau suke. Na raka wani ƙanena ganin fulat a ƙasan wani bene, fenti sabo fil, tayil yana ƙyalli. Dillalin yana ta buɗe ƙofofi: "Alhaji ka ga kicin, ka ga sito. Wallahi mutum uku ne a kansa, in ba ka ajiye wani abu yau ba gobe sai labari." Na sa tafin hannu a ƙasan bangon ɗakin kwana, sanyi kamar randa, fentin ya ɗan kumbura daidai gwiwa. Muka zagaya baya inda ba a yi fenti ba, sai ga layin ruwa baƙi-baƙi a jikin katanga, da gansakuka a gindinta. Na tsaya wajen mai shagon bakin layi na sayi ruwa, na ce, "Malam, ya layin nan yake da damina?" Ya yi dariya ya nuna buhunan yashin da ya jera a ƙofarsa. "Yallaɓai, wanda ya tashi daga gidan nan da katifarsa a ka ya fita."

Mai shago, mai shayi da ladanin masallacin layi ba su da la'ada a cinikin, shi ya sa maganarsu ta fi ta kowa. Su za su gaya maka me ya tashi wanda ya fita, ko mai gidan mai ƙarin kuɗi ne duk shekara, ko ana ƙwacen waya a kwanar bayan isha'i. A cikin gidan kuma buɗe kowane famfo, kora ruwa a masai ka ga yadda yake tafiya, ɗaga kai ka nemi tabon yoyo a silin, sa cajar waya a kowane soket, ka kira wani daga ɗakin kwana ka ji ko akwai sabis. In ka ga jan fentin hukumar tsara birni ta KNUPDA a bango, ko ginin ya hau kan magudanar ruwa ko yana ƙarƙashin babbar wayar wuta, juya kawai. Rusau ba ya tambayar wa ya biya haya. Ka koma kuma da daddare, lokacin da janaretocin maƙwabta da gidan kallon ƙwallo suke nuna halinsu.

Dillali ba abokin gaba ba ne, da wuya ka sami gida ba tare da shi ba sai ta hanyar ɗan'uwa ko abokin aiki. Abin da aka saba shi ne la'adar kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. Matsala tana farawa ne idan sun zama sarƙa, wannan ya ji a wajen wancan, kowa yana ɗora nasa, ba wanda ya taɓa ganin mai gidan. Dillalin unguwa mai bencinsa ya fi mini wanda na gani a Facebook ko TikTok da bidiyon gida da lambar waya kawai, don na farkon gobe ma yana nan. Ko wanne ne, kuɗin haya ba a hannunsa ake sa shi ba. Zauna da mai gida ko wakilin da ya nuna shaidar wakilci, ka tura kuɗin asusun da yake ɗauke da sunansa, a ba ka rasit a gaban shaidu, naka da nasa. Idan aka ce gidan gado ne, tambayi wanda magada suka wakilta, ka kuma leƙa wajen mai unguwa. An sha ganin magaji ɗaya ya karɓi kuɗi, bayan wata biyu sauran su zo da mai saye.

Kada kuma ka shiga nema da kuɗin hayar cif-cif. Bayan la'ada akwai kuɗin lauya in shi ya rubuta takarda, wasu masu fulat suna karɓar ajiya saboda ɓarna, ga fenti, fankoki, ragar taga da motar kwasar kaya. Wani mai sabon gini zai ce shekara biyu yake so a dunƙule, don da kuɗinka zai ƙarasa aikin. In har za ka shiga, kada ka biya duka a kan alkawarin "kafin ka tare an sa ƙofofi an jawo wuta". Riƙe wani kaso sai aiki ya kammala, a kuma rubuta cewa shekararka daga ranar miƙa makulli take farawa, ba ranar da kuɗi ya shiga ba. Wanda ya bari sai gab da azumi ko ƙarshen shekara, lokacin da angwaye suke rububin gida ɗaya, ba shi da bakin gindaya wannan sharaɗi. Gara a fara nema wata uku ko huɗu kafin biki.

A takardar yarjejeniya ne kunya take cutar mutane, musamman idan mai gidan dattijo ne ko abokin mahaifi. "Haba ɗana, ai mun zama ɗaya, wace takarda kuma?" Amsar ita ce, "Baba, saboda rai ne da mantuwa." A rubuta kuɗin da ranar farawa da ta ƙarewa. A rubuta wa yake da yashe sokawe, gyaran rufi da injin burtsatse. Duk gyaran da ka yi da izininsa, tayil ko ƙofar ƙarfe, a rubuta za a cire daga haya ta gaba, in ba haka ba kyauta ka yi masa. A rubuta wata nawa za a sanar da kai kafin ƙarin kuɗi, da wata nawa ne notis. Abin da aka sani a dokokin haya na yawancin jihohin Najeriya shi ne mai biyan shekara-shekara yana da notis na wata shida, mai biyan wata-wata yana da wata ɗaya, amma wannan idan takarda ba ta faɗi wani abu daban ba ne. In ka sa hannu a kan wata ɗaya, wata ɗayan ne naka. Shi kuma mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa ko watso maka kaya waje da hannunsa, sai ta kotu.

Ranar karɓar makulli, kafin a shigo da ko tsintsiya, zagaya da wayarka ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki a gaban mai gida ko wakilinsa: tayil ɗin da ya fashe, gilashin da ya tsage, yunit ɗin da yake kan mita. Tura masa ta WhatsApp a ranar don kwanan watan ya zauna. Sannan ka kira kafinta ya canza makullan ƙofar waje da na ɗakin kwana, domin ba ka san hannu nawa tsofaffin suka bi ba.